Maƙera ba gawayi

In akwai mace a gidanka, to akwai ƙarfen ado a gidanka. Ko zobe ne, ko ƴan kunne, ko sarƙa, ko munduwar azurfa da aka gada wurin kaka. Ka san ba don kwalliya kaɗai ake ajiye su ba. Ran da damina ta yi gardama, ran da rumbu ya ƙare tun ba a kai ga shuka ba, ran da yaro ya kwanta ciwo sai an kai shi likita, abin nan da ke ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwati shi ake kwancewa. Zinariyar mace ita ce garkenta, garken da ba ya neman kiwo.

Amma ƙarfen ado yana karyewa. Sarƙa ta tsinke wajen goyo. Ƙafar ɗan kunne ta ɓalle. Zobe ya matse yatsa har a yanke shi. In ka kai karyayye kasuwa, kuɗin nauyinsa kaɗai za a ba ka, aikin da ke jikinsa ya tafi a banza. Shi ya sa gyara ba ƙaramin abu ba ne.

Ni maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari, daga Damagaram. Maƙeran baƙi su ke ƙera maka hauya da galma da gatari. Mu namu azurfa ce da zinariya da tagulla. Ina so in ba ka labarin wata na'ura da ke yin gyara da haske, ba gawayi, ba zuga-zugi. Amma bari in fara gaya maka yadda muke yi da wuta, don ka gane abin da na'urar ta zo da shi.

In sarƙa ta tsinke, mukan haɗa bakin nan biyu, mu ɗora ɗan gutsuren wani ƙarfe mai saurin narkewa, mu shafa wani farin gari da ake kira boraks. Wannan haɗi shi tsofaffi ke kira sinadari. Sa'an nan mu kawo wuta. Gutsuren ya narke, ya bi tsagar kamar ruwa, ya daskare, ya riƙe. Bayan haka mu wanke baƙin da lemun tsami da alif, mu goge. Aiki ne mai kyau, da shi ubana ya ciyar da mu, kuma har gobe da shi nake ci.

Wahalarsa ɗaya ce: wuta ba ta san iyaka ba. Azurfa tsantsa tana narkewa a digiri 962, zinariya tsantsa a 1064. Ruwan da ke tafasa a tukunyarka 100 ne kawai. Sinadari yana narkewa ƙasa da haka, amma kafin ya gudana sai wurin ya yi ja, kuma zafin yana bin ƙarfen ko'ina. In akwai murjani a jiki, ya ƙone ya yi fari kamar toka. In dutsen kwalba ne, ya fashe. In azurfar Abzinawa ce wadda aka saka wa baƙin itace, itacen ya zama gawayi. Dole mu ɓamɓare dutsen, mu yi gyara, mu mayar. Wani dutsen kuwa in ya fita ba ya komawa daidai. Sau da yawa mace takan kawo mini abu, in juya shi, in juya shi, in mayar mata in ce: "Hajiya, yi haƙuri, wannan wuta za ta ci shi." Tana fita na san inda za ta. Za ta sayar da shi a kan nauyi.

Wata shekara muka tafi Faransa, mu ƴan ƙungiyar masu sana'ar hannu, muka kai kayan azurfa wata kasuwar baje koli. Can na haɗu da wani tsohon maƙerin zinariya, Bature. Ya daɗe yana duban zanen da ke jikin mundayena, ya tambaye ni da me na yi, na nuna masa ƴan ƙarafan da na ƙera da hannuna. Shi ma ya ce in zo in ga nasa wurin. Na je. Ba hayaƙi, ba toka. Bisa tebur akwai wani akwati, girmansa bai fi akwatin amarya ba. Yana da ƙofofi biyu na sa hannu, da madubi mai ido biyu a sama, da abin takawa a ƙasa kamar na keken ɗinki. Ya ɗauko zobe mai koren dutse wanda ƙafar da ke riƙe dutsen ta karye. Ya riƙe shi da yatsunsa, ba awartaki. Ya sa hannu cikin akwatin, ya sa ido a madubi, ya taka. Na ji tas, tas, tas, kamar ana fasa ƙwarƙwata. Ya miƙo mini zoben. Ɗumi kaɗan kawai na ji. Ƙafar ta kama, dutsen yana nan kore shar. Kwana 10 na yi ina komawa wurinsa kowane marece.

Sunan wannan haske leza. Wani masani ɗan Amurka, Theodore Maiman, shi ya fara kunna shi a 1960, shekarar da ƙasarmu ta sami ƴancin kai. Da ƴar sandar jan yaƙutu ya yi. A 1964 aka samo irin wanda maƙeran zinariya suka fi aiki da shi. Amma sai a shekarun 1990 na'urar ta ƙanƙance har ta shiga shagunan gyara. Jamus da Italiya da Amurka suna ƙera ta, ƙasar Sin ma tana yin masu sauƙin kuɗi.

Yaya haske zai narka ƙarfe? Ka taɓa ganin yara sun sami gilashin tsohon tabarau, sun tara hasken rana a kan kara har ya yi hayaƙi? Rana ɗaya ce da wadda ke dukan bayanka a gona. Tara ta aka yi wuri ɗaya. To haka leza take, sai dai ƙarfinta ya wuce nan nesa. Ana tara hasken a ɗigo ɗaya ƙarami, daga kashi 2 cikin 10 na milimita zuwa milimita 2. Ƙaraminsa bai kai ƙwayar gero ba. Kuma hasken ba ya tsayawa. Yana fitowa ya ɗauke cikin ƴan kashi kaɗan daga 1000 na sakan ɗaya. Ƙiftawar idonka ta fi shi daɗewa ƙwarai. A wannan ɗan lokaci ɗigon ya narke ya daskare, zafin bai sami damar tafiya ko'ina ba. Ga asirin ke nan duka.

Akwai wani bambanci kuma. Da wuta, baƙon ƙarfe ne ke riƙe bakin biyu. Da leza, ƙarfen kansa ne ke narkewa ya haɗu da ɗan'uwansa. In akwai giɓi, sai a kawo siririyar waya mai kaurin gashin wutsiyar doki ko fiye kaɗan, ta irin ƙarfen, a narka ta a ciki. Zinariya da zinariya, azurfa da azurfa. Ɗigo ɗaya ba ya isa. Ana jera su, kowane ɗigo yana hawa rabin na bayansa, kamar yadda kake baibayar ɗaki kowane layin shuci ya hau kan na ƙasa don kada ruwa ya shiga. In zobe ne mai kauri, sai an fara goge bakin biyu da magagari su yi kwari, a kama can ƙasan kwarin, sa'an nan a cika shi da waya hawa-hawa. Wanda ya liƙe sama kawai ya bar ciki a buɗe, aikinsa zai yi kyaun gani a shago, ya karye ran suna.

A gaban na'urar akwai lambobi. Ɗaya na ƙarfin haske, ɗaya na tsawon lokacinsa, ɗaya na faɗin ɗigo, ɗaya na yawan bugu cikin sakan. In ƙarfi ya yi yawa kuma ɗigo ya yi ƙanƙanta, hasken ya huda ƙarfen kamar basilla, narkakken ya yi tsalle ya watse. In ƙarfi ya yi kaɗan, ya lashi sama kawai. Kowane ƙarfe da lambobinsa. Tsohon nan yana da ɗan littafi da ya yi baƙi don dauɗar hannu, duk lambobin da suka yi masa daidai ya rubuta su a ciki.

Abin da ya ba ni dariya shi ne azurfa, ƙarfenmu na gado, ita ta fi kowa taurin kai. Azurfa madubi ce. In haske ya faɗa mata, mafi yawansa take mayarwa. Ɗan wanda ya shiga kuma, nan da nan ta watsa zafinsa, don babu ƙarfen da ya kai ta saurin ɗaukar zafi. Ka san dabarar da masu wannan na'ura mai tsada suke yi? Sukan shafa baƙar tawada a wurin da alƙalami. Baƙi yana shan haske, kamar yadda baƙar riga ta fi fara zafi a watan bazara. Na ce wa tsohon, ashe dai har a Turai ba a rabu da baƙin tukunya ba.

Yanzu ga maganar iska, ka saurara da kyau don nan ne mutane ke ruɗewa. Iskar da muke shaƙa haɗi ce. Cikin kashi 100, wajen 78 wata iska ce mai suna nitrojin, 21 kuma oksijin. Oksijin ita ke rayar da mu, ita ke rayar da wuta, ita ce kuma ke sa gatarinka tsatsa. Ƙarfe mai sanyi a hankali take cinsa. Narkakke kuwa nan take. Wurin ya yi baƙi, ya yi ƴan ramuka, ya yi gautsi. Ka san buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaure wake? Ba magani a cikinsa. Iska aka hana shiga, ƙwarin suka mutu. To narkakken ƙarfe ma so ake a raba shi da iska. Mu da boraks muke yi, yana narkewa ya lulluɓe wurin. Masu leza kuwa da wata iska suke korar iska.

Sunanta argon. Tana nan cikin iskar da kake shaƙa yanzu, ba ta cika kashi 1 cikin 100 ba. Wasu masana biyu na Birtaniya, Rayleigh da Ramsay, suka gano ta a 1894. Sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa malalaciya, don ba ta haɗuwa da komi. Ba ta ci da wuta, ba ta kawo tsatsa, ba ta da launi, ba ta da wari. Lalacinta shi ne amfaninta. Ana tace ta a masana'anta, a ɗura cikin doguwar kwalba ta ƙarfe. Siririn tiyo ya kawo ta dab da wurin aiki. In ka taka, ita ke fara fitowa ta lulluɓe wurin, sa'an nan haske ya biyo. Kuma a hankali ake sakinta. In ta fito da ƙarfi sai ta yi guguwa, ta jawo iskar da aka ce ta kora.

Ba kowane ƙarfe ke bukatarta daidai ba. Zinariya mai kyau ba ta damu sosai ba. Azurfa ta fi fitowa fes da ita, don azurfar ado akwai jan ƙarfe a cikinta. Amma akwai wani ƙarfe mara nauyi mai suna titaniyom, wanda ake yin firam ɗin wasu tabarau da shi. Shi in babu argon kada ma a fara. Launin wurin ne ke ba da labari: in ya fito fari kamar azurfa, ya yi. In ya yi shuɗi, iska ta shiga. In ya yi toka-toka, zai karye kamar busasshen kara.

Kada ka haɗa argon da gas ɗin girki. Na girki yana kamawa da wuta, argon ba ta kamawa. Amma tana da nata haɗarin. Ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya. In kwalbar tana yoyo cikin ƙaramin ɗaki rufaffe, sai ta kore iskar numfashi, mutum bai ji warin komi ba, sai jiri, sai faɗuwa. Masu haƙar rijiya da masu shiga ramin zinariya sun san irin wannan mutuwa. Don haka ɗakin aiki yana son taga. Kwalbar kuma a ɗaure ta da sarƙa a jikin bango, don matsin da ke cikin cikakkiya ya kai na tayar ƙaramar mota wajen sau 100. In ta faɗi bakinta ya karye, ba mai iya tare ta.

Shi ma hasken abin tsoro ne, don ido ba ya ganinsa. Tartsatsin da kake hangowa na ƙarfen ne, ba na lezar ba. In hasken ya shiga ido, ko da ya dawo ne daga jikin azurfa, yana ƙona can cikin idon tun mutum bai ƙifta ba, kuma wurin da ya ƙone ba ya warkewa. Shi ya sa aka rufe shi cikin akwati, aka sa gilashi na musamman a tagar da madubin. Mai gyaran rediyo, komi gwanintarsa, kada a bar shi ya buɗe ta ya kunna. Hayaƙin ma ba a shaƙarsa, akwai fanka mai zuƙe shi, don wasu tsofaffin sinadaran liƙi suna da guba mai suna kadmiyom.

Kada ka ce na zo ina yi wa Turawa talla. Akwai abin da na'urar ba ta iyawa. Ba ta zuba abin wuya na Agadas, wannan sai kakin zuma da yumɓu da gawayi. Ba ta buga munduwa, ba ta zane. Munduwa mai kauri in ta rabe biyu, wuta ta fi ta sauri. Aikin siririyar waya mai mahaɗa ɗari, wuta kan kama su gaba ɗaya, leza kuwa sai ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan ma bututun wutarsa yana rataye kusa da na'urar, kullum sai ya kunna shi.

Ga kuma halin ƙasarmu. Kuɗin na'urar miliyoyi ne. Tana son kuran mai tsayawa, ba mai zuwa yana ɗaukewa ba. Ba ta son ƙura, mu kuwa muna da watannin hunturu. Ba ta son zafi, mu kuwa muna da watan Afrilu. Da ruwa take sanyaya cikinta, kuma ba ruwan rijiya ba, tataccen ruwa wanda ba gishiri ko kaɗan. Fitilar da ke cikinta tana tsufa, sai an sayo wata daga waje. Argon kuma sai babban gari. A ganina maƙeri ɗaya a ƙauye bai kamata ya sayar da gonarsa don ita ba. Amma maƙeran gari guda, kamar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in suna da ƙungiya mai amana, suna iya haɗa kuɗi su ajiye ɗaya a ɗaki mai tsabta. Kowa ya yi aikinsa na wuta a maƙerarsa, mai wuyar ya kawo nan ya biya kuɗin bugu. Masu karyayyen tabarau kaɗai sun isa su riƙe ta da aiki.

Wa zai zauna gabanta? Nan ne zancen ya shafe ka, kai mai ɗa ko ɗiya. Yaranmu da yawa sun bar maƙera. Tun da aka sami zinariya a Jado a 2014, wasu can suka nufa, wasu sun dawo da abin hannu, wasu ba su dawo ba. Muna haƙo zinariya, a kai ta Dubai, a ƙera, a dawo mana da ita da tsada, in ta karye kuma mu rasa mai gyara na ƙwarai. Yaron da ya iya gyara yana da abinci a inuwa.

Amma koyon yana da tsari. Taka na'ura da juya lambobi, cikin ƴan kwanaki ake nuna wa mutum. Hannu da ido su ke ɗaukar watanni. Cikin madubin komi yana ƙara girma wajen sau 10, har rawar hannunka, sai ka ga yatsanka kamar gungumen itace yana kaɗawa. Mai koyo yakan fara da gutsattsarin banza: ya jera ɗigo a layi, ya haɗa waya biyu, sa'an nan ya sa awartaki ya karya abin da ya haɗa don ya ga ko cikin ya kama. Sai ya yi haka sau ɗaruruwa kafin a ba shi kayan mutane. Kafin wannan duka kuwa, ni dai ina ganin sai ya yi shekara ko biyu a gaban wuta. Ya iya magagari da zarto. Ya san zinariya da abin da aka yi wa ruwan zinariya kawai, don leza tana ƙone ruwan ta bar tabo. Ya san tagulla tana tofi in ta ji haske. Ya san ko dutse mai tauri in hasken ya faɗa masa kai tsaye zai yi masa lahani. Na'urar ba ta gaya wa kowa wannan. Kuma dole ya iya karanta lamba, ya iya rubuta ta, har da mai waƙafi, don 0,3 da 3 ba ɗaya ba ne: tsakaninsu akwai hudajjen zoben wata.

An saba cewa ƙira gado ce, ta maza ce. Aikin nan ba ya son ƙarfin damtse. Yarinyar da ta iya tsifa da kitso ƙanana, ko ɗinkin hula, tana da irin hannun da ake nema. A Faransa na ga mata da yawa a kan teburin gyara.

Kafin na'urar ta iso kusa da kai, ga abin da za ka yi in za ka kai gyara. Ka duba cikin zoben ko bakin sarƙar, sau da yawa akwai lamba ƙarama. 750 zinariya ce mai karat 18, wato kashi 750 cikin 1000. 875 mai karat 21 ce. 925 azurfa ce mai kyau. Lamba tana iya yin ƙarya, amma ka san abin da ta ce. Ka sa a auna a gabanka kafin ka bari, ka rubuta nauyin a takarda, a sake aunawa ran da ka zo karɓa. In akwai dutse ko murjani, ka tambayi maƙerin: za ka cire shi ko kuwa? In ya ce ba komi, wuta ba za ta taɓa shi ba, alhali gyaran yana dab da dutsen, karɓi kayanka. Kuma ko da wasa kada ka yarda a liƙe zinariya ko azurfa da dalmar masu gyaran rediyo. Ranar za ta riƙe, kuɗinta kaɗan. Amma duk ran da aka sake kai abin ga wuta, dalmar za ta nutse cikin ƙarfen ta cinye shi, ya yi ramuka. Ko mai leza ya samu, sai ya kankare wurin duka ya zubar kafin ya fara aiki, kuma abin da ya kankare daga nauyin zinariyar matarka yake fita.